Muhammadu Kanta, Sarkin da Ya Hau Ruwa

Duk wanda ya tashi tsakanin Birnin Kebbi da Argungu ya san sunan Kanta tun bai san ko wane ne ba. Akwai kwalejin Kanta, akwai gidan tarihi na Kanta, kuma in maroƙi zai wasa Bakabe, da wuya ya gama bai ambaci sunan ba. Amma ka tare ɗalibai goma a bakin ɗakin karatu ka tambaye su abin da mutumin ya yi, amsar ba za ta wuce biyu ba: ɗan dambe ne, ko kuma shi ya gina Surame. Duka biyun haka ne. Abin da ba a cika faɗi ba, kuma shi ya sa na ɗauki biro, shi ne rabin ƙarfin Kanta a kan ruwa yake. Mu da ke nesa da teku mun saba ɗauka cewa zancen jiragen ruwa na mutanen Legas da Fatakwal ne. To, shekara 500 da suka wuce, ƙasar nan da muke takawa ta yi suna da jirage har birnin Gao, gari mai nisan gaske a cikin Mali ta yau.

Labarin da Kabawa suka gada ya ce mahaifinsa, Makata, baƙo ne da ya zo daga gabas ya zauna a Kuyambana ta ƙasar Katsina, ya auri 'yar sarauta, aka haifi Kanta. Yaron ya tashi cikin Fulani makiyaya, yana bin shanu, yana dambe da kokawa har aka rasa mai karawa da shi. Da mahaifinsa ya rasu aka tsallake shi wajen naɗin sarauta, sai ya yi fushi ya kama hanyar yamma, samari marasa tsoro irinsa suna ta binsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, a littafinsa Infakul Maisuri, ya rubuta cewa asalinsa bawan Fulani ne, maganar da Kabawa ba su taɓa karɓa ba. Ni dai a nan ba zan raba wannan gardama ba, don ina da abokai ta kowane ɓangare kuma tare muke cin abinci. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne ba a gadon mulki aka haife shi ba, da hannunsa ya nema.

Inda ya yada zango shi ne abin lura. Bai tsaya a tudun Zamfara ko na Gobir ba, sai da ya gangaro kwarin Rima, ya kafu a Leka, garin da zuriyarsa ta samo sunanta na Lekawa. Ku dubi gulbin nan da kyau. Ya haɗu da na Sakkwato, ya biyo ta Silame da Augie da Argungu, ya wuce ta bayan Birnin Kebbi, ya karɓi ruwan Zamfara a wajajen Bunza, sa'an nan ya je ya faɗa Kwara. Da rani siriri ne, wani wurin ma yaro na iya ƙetarawa da ƙafa. Da damina kuwa fadama takan cika ta batse, faɗinta ya kai kilomitoci, garuruwa su koma tsibirai. Ɗaya daga cikin biranen Kanta ma sunansa Gungu, kuma kowa ya san abin da gungu ke nufi. Wanda ya taɓa tsayawa a Dukku cikin watan Satumba ya hangi ruwan nan ba sai an yi masa dogon bayani ba. A zamanin da ba kwalta ba gada, wanda ke da kwalekwale da matuƙa shi ke da ƙasar na tsawon watanni, mai doki sai dai ya ɗaure dokinsa ya jira ruwa ya janye. Mutanen da Kanta ya tarar a wurin masunta ne da manoman shinkafa, waɗanda suka san kowane mashigi da kowane gurbi. Shi ya zo da mayaƙa, su suna da ruwa. Haɗuwar nan ce ta haifi Kabi.

A lokacin babbar daula ita ce Songai, mai hedikwata a Gao, kuma ita ma a kan jirage ta ginu. Sarkinsu Sunni Ali da jirage ya yi wa birnin Jenne ƙawanya har ya ci shi, ya ma taɓa fara haƙa hanyar ruwa zuwa Walata don ya kai yaƙi cikin hamada a jirgi, aikin da ya bari bai gama ba. Suna da sarauta ta musamman, Hi-koi, wato shugaban rundunar jirage, matuƙansu kuwa Sorko ne, dangin Sarkawan da muka sani a nan. Askiya Muhammadu ya karɓi mulki a 1493, kuma Kanta ya fara ne a matsayin na hannun damansa a wannan yanki na gabas.

Wajen 1515 suka tafi yaƙin Agadas tare, suka yi nasara, suka juyo da ganima. Tarihin Sudan, wanda Abdurrahman Sa'adi na Tumbuktu ya rubuta a tsakiyar ƙarni na 17, ya ba da labarin abin da ya biyo baya. Kanta ya zuba ido a ba shi rabonsa, shiru. Ya tuntuɓi Dendi-fari, hakimin Askiya mai kula da ƙasar Dandi, shi kuwa ya gargaɗe shi cewa in ya sake ya tambaya za a ɗauke shi ɗan tawaye. Kanta ya haɗiye. Mutanensa ne suka ƙi haɗiyewa, suka ce su kam ba za su zubar da jini a banza ba. Aka koma aka sake tambaya, aka sake hanawa, sai aka zare takubba. Wannan ya faru wajen 1516 zuwa 1517, kuma daga nan ake lissafin 'yancin Kabi. Abin ya ba ni sha'awa cewa ba shi ya fara zafi ba, na ƙasa ne suka tura shi gaba. 'Yan majalisar ƙungiyarmu na iya karanta wannan layin sau biyu.

Askiya ya aiko da runduna a shekarar da ta biyo, ta koma ba ta yi komai ba. A cikin shekarun 1530 wani Askiyan, Muhammadu Bunkan, ya zo da kansa, aka gwabza a wani wuri da littafin ya kira Wantarmasa, aka fatattake shi. A nan ne labarin ya yi daɗi. Cikin gudu suka faɗa laka, doki ya kasa, har sai da Askiya ya sauka, Hi-koi ya goya shi ya fitar da shi. Ku ji fa: shugaban jiragen babbar daular zamanin, ba jirgi ba filafili, yana tafe da sarkinsa a gadon baya cikin taɓon fadama. Songai sun san babban kogi mai zurfi, amma ba su san irin wannan ruwan namu ba, wanda ya yi wa doki yawa, ya yi wa babban jirgi kaɗan. An sake karawa a 1552 zamanin Askiya Dawuda, shekara ta zagayo aka yi sulhu.

Surame kuwa ba sai na daɗe a kanta ba, tunda ita aka fi sani. Birni ne a kan tudun dutse da ke kallon fadamar Rima, yau yana cikin Jihar Sakkwato, da ganuwar duwatsu da har yanzu wani sashenta ke tsaye. An ce kowace ƙasa da ke biyan Kanta gandu an yanka mata nata ɓangaren ginin. Nufawa sun makara, sai aka sa su kwaɓa ƙasarsu da man kaɗanya maimakon ruwa, Abzinawa kuwa aka sa su ɗauko ruwan kwaɓi a kan raƙuma tun daga ƙasarsu, alhali ga gulbi a gindin gari. Ko an ƙara gishiri a labarin, ya nuna irin mulkin: mai ƙarfi ne, kuma ba mai tausayi sosai ba. Gwamnatin Najeriya ta sa wurin cikin kayan tarihi na ƙasa a 1964, a 2007 kuma ya shiga jerin wuraren da ake nema wa amincewar UNESCO.

Yanzu ga abin da na fi so mu tsaya a kai. Cikin labaran da aka gada akwai na jirgin Kanta: ƙaton jirgi da aka lulluɓe da jan ƙarfe, matuƙa hamsin ke tuƙa shi, kuma a cikinsa yake zaga garuruwansa idan ruwa ya cika. Masu ba da labari sukan faɗe shi a wuce, kamar ado ne. Amma mu da aka koya wa awo da lissafi, ya kamata mu zauna mu yi masa kallon aiki.

Matuƙa hamsin na nufin ashirin da biyar a kowane gefe. In ka ba kowane mutum wajen mita ɗaya don ya samu sararin jefa filafili, ka ƙara wurin zaman sarki da fadawa da makaɗa, ka ƙara goshi da wutsiya, lissafina ya ba ni jirgin da ya doshi mita 30. Kwalekwalen da muka sani gungumen itace ɗaya ne, maɗaci ko makamancinsa, a sassaƙe cikinsa da gizago. Samun bishiya miƙaƙƙiya mai wannan tsawo a ƙasarmu abu ne mai wuya, ko a wancan zamanin da daji ke daji. Saboda haka ina ganin ɗinka shi aka yi. Wannan sana'a ce sananniya a Kwara: a fasa katako, a huda gefensa, a ɗinke da igiya, a toshe kafofin da ciyawa da laka ko tsumma da mai. Wani Bafaranshe matafiyi, Rene Kaye, ya shiga irin wannan jirgi daga Jenne zuwa mashigin Tumbuktu a 1828, ya bayyana manyan jirage ɗinkakku masu tsawon da ya kai wannan, waɗanda dole a ajiye mutane suna kwarfe ruwa dare da rana. Ba ƙusa ko ɗaya. Kuma ɗinkin na da amfaninsa, don jirgin da aka ɗinka yakan ɗan lanƙwasa in ya hau yashi, ba ya tsagewa nan take.

Sai jan ƙarfen. Turawan Ingila ba su fara lulluɓe jirgin yaƙi da jan ƙarfe ba sai 1761, wajen shekara 200 bayan Kanta, kuma sun yi ne don maganin wata tsutsar teku mai huda katako. Ruwanmu ba gishiri, wannan tsutsar ba ta rayuwa a cikinsa, don haka Kanta ba ita yake gudu ba. To me ya sa? A lokacin jan ƙarfe kuɗi ne. Ibn Battuta, wanda ya ratsa Takedda ta ƙasar Asbin a 1353, ya ga ana narka shi sanda-sanda ana cefane da shi, ana kuma kai shi Gobir da Barno. Asbin ɗin nan ita ce ƙasar da Kanta ya je yaƙi aka hana shi ganima, ita ce kuma daga baya ta riƙa kawo masa gandu. Wato mutumin da aka hana rabonsa ya zo ya lulluɓe jirginsa da kuɗi tsantsa. Ka ƙaddara kana ɗan ƙauye a kan gungu, ruwa ya kewaye ku wata biyu ba wanda ya leƙo, sai ka hangi wani abu na walƙiya cikin hantsi, filafili hamsin na faɗawa ruwa lokaci ɗaya, ana kiɗa. Wallahi ba sai an gaya maka wa ke da ƙasa ba. Sauran sarakunan Hausa damina takan raba su da talakawansu. Shi Kanta damina ce ke kai shi ƙofar gidan kowa, ya karɓi abin da zai karɓa, ya ga wanda ke shirin yi masa taurin kai.

Kada kuma a ɗauka sana'ar baƙuwa ce da aka aro daga wani wuri. A 1987 wani makiyayi na haƙa rijiya a Dufuna ta Jihar Yobe ya ci karo da kwalekwale a binne. Da masana suka auna shi suka samu ya kai shekara 8,000, tsawonsa ya ɗan haura mita 8, kuma yana cikin jirage mafi tsufa da aka taɓa tonowa a duniya. Arewa ta daɗe da sanin jirgi.

Ƙarshen Kanta a tudu ya zo, nesa da ruwansa. Mai Ali na Barno ya kawo yaƙi har Surame, bai ci birnin ba, ya juya. Kanta ya bi sawunsa har Nguru, ya karya rundunar Barno. A hanyar dawowa ne, a ƙasar Katsina, wasu suka yi masa kwanton ɓauna a wurin da ake kira Dugul, kibiya ta same shi, ya cika a Jirwa. Mutanensa suka ɗauko gawarsa har Surame suka rufe. Mutumin da ya gagari Songai ya gagari Barno, kibiyar wani da tarihi bai ko riƙe sunansa ba ce ta kayar da shi, kuma a ƙasar da ya baro yana saurayi. Bisa lissafin Tarihin Sudan a cikin shekarun 1550 ya rasu, ɗansa Ahmadu ya gaje shi. Sunan Kanta ya zama na sarauta bayansa, har wasu masana ke ganin ayyukan sarakuna biyu ne aka haɗa wa mutum ɗaya. A Argungu kam mutum ɗaya ne, kuma ban ba ka shawarar ka je fada da wata magana daban ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan jiragen Kabi bayan rasuwarsa ta fito. A 1591 sojojin Maroko suka ƙetaro hamada da bindigogi suka karya Songai a Tondibi. Da aka tashi kwashe mutanen Gao zuwa ƙetaren kogi, wani littafin Tumbuktu, Tarihul Fattash, ya lissafa jiragen da ke mashigin, a ciki har da manya guda 400 waɗanda ake kira kanta. Sunan nau'in jirgin ke nan a bakin mutanen Gao, kamar yadda mu yau kowane injin jirgi muke ce masa Yamaha. Masana da dama na danganta sunan da sarautar Kabi, kuma akwai abin da ke ƙarfafa haka. 'Yan shekaru bayan faɗuwar Gao, Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ya aiko wa Kanta Dawuda na Kabi da wasiƙa mai zafi. Ya zarge shi da ba 'yan gudun hijirar Songai mafaka, ya yi masa barazana, sa'an nan cikin abubuwan da ya nema har da a riƙa ba shi jiragen da aka saba bai wa Askiya. Ku duba: sarkin da ke da bindiga da igwa, mai fada a Marrakesh, ga shi yana neman jirgi daga kwarin Rima. Ya ci Gao, amma ya gane wanda ba shi da jirgi bai riƙe Kwara ba. Sojojinsa ba su taɓa taka Surame ba.

Sauran labarin gajere ne. Wajen 1700 aka bar Surame, sarauta ta dawo Birnin Kebbi. Mayaƙan jihadi suka ci birnin a 1805, Kabawa suka koma suka kafu a Argungu, wani garin da fadama ke karewa, aka shafe mafi yawan ƙarnin ana fafatawa. Tsohuwar fadar Argungu ita ce ta zama gidan tarihi na Kanta a 1958. Bikin kamun kifi kuwa, a siffarsa ta yanzu, ya faro ne a 1934 da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. 'Yan kallo sun fi damuwa da ranar ƙarshe a Matan Fada, ranar homa da gora da giwan ruwa. Ni kuwa kabanci ya fi burge ni: tseren kwalekwale, nutso, kamun agwagwar ruwa, kamun kifi da hannu. In ka cire kiɗa da kyaututtuka, abin da ya rage horon mutanen jirgi ne, irin waɗanda suka riƙa wa Kanta filafili. Sarkawan Kabi ma ba su daina doguwar tafiya ba. Wani Bafaranshe mai bincike, Jan Rush, ya yi rubutu a kansu a 1950, yadda suke haura Kwara da jiragensu zuwa su har cikin ƙasar Mali, su yi watanni kafin su waiwayi gida.

Ruwan dai ya sauya. An datse Kwara a Kainji a 1968, aka datse na sama a Bakolori da Goronyo, cikar fadama ta daina bin tsohon lokacinta. Jiragen da ke fito yanzu a Yawuri da Ngaski na katako ne da ƙusa da inji a baya, kuma har gobe su ne motar dubban mutane zuwa kasuwa da gona da asibiti. Ranar 26 ga Mayu, 2021, ɗaya daga cikinsu ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara da mutum fiye da 150, ya rabe a tsakiyar kogi. Mafi yawansu ba su fito da rai ba, kuma da yawa mata ne da yara. Ba shi ne na farko ba, ba kuma a kansa aka tsaya ba. Kullum bayani ɗaya ne: lodi ya yi yawa, jirgi ya tsufa, ya daki kututture, ba rigar ruwa.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan aikin mai difloma ne. Nauyin da jirgi zai iya ɗauka lissafi ne da ake koyarwa tun shekarar farko, kuma ana iya zana shi da fenti a jikin jirgi yadda ko wanda bai yi boko ba zai ga inda ruwa bai kamata ya wuce ba. Yadda katako ke ruɓewa a bakin ƙusa, yadda za a raba cikin jirgi ɗaki-ɗaki don in wuri ɗaya ya fashe kada duka ya cika, taswirar kututturan da ke ƙarƙashin tafkin Kainji, rigar ruwa mai arha da telan kasuwa zai iya ɗinkawa, duk batutuwa ne da za su cika kundin kammala karatu har su yi saura. Ga waɗanda ke bayanmu da ba su riga sun zaɓi nasu ba, masassaƙan jirgi na nan a Yawuri da gizagonsu, ba sa amfani da zane, komai a kai yake, kuma tsofaffin cikinsu na ta raguwa. Ko auna jirgi ɗaya daga goshi zuwa wutsiya a zana shi a takarda aiki ne da za a amfana da shi.

Ga kwamitin yawon buɗe ido na ƙungiya kuma: daga nan Gwadangaji zuwa Argungu ba ta kai tafiyar awa ɗaya a mota ba. Surame ta fi nisa kuma hanyarta sai da rani, don haka in za a je, a sa rana kafin ruwan farko ya sauka.